Shin kuɗin kirifto yana da daraja ta gaske, kuma ya cancanci a zuba jari a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina jin maganganu biyu masu karo da juna game da kuɗin kirifto. Wasu na cewa shi ne kuɗin gobe, duk wanda bai shiga yanzu ba, zai yi da-na-sani, wasu kuma na cewa iska ce kawai, babu abin da ya dogara a kai, kuma wata rana za a wayi gari ya bi ruwa. Ina da ɗan abin da na tara, ina tunanin saka wani ɓangare a ciki. Shin yana da daraja ta haƙiƙa, kuma yana da makoma a matsayin jari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka yi, kuma yana da kyau mu raba su, domin abu yana iya kasancewa da daraja a yau amma ya zama mummunan wurin ajiye dukiya, haka nan fasaha tana iya ɗorewa alhali mafi yawan waɗanda suka zuba kuɗi a cikinta sun tafka asara.

Mu fara da inda daraja take fitowa. Hannun jarin kamfani yana da daraja saboda kamfanin yana sayar da kaya yana cin riba, gidan haya saboda ana biyan kuɗin haya, takardar lamunin gwamnati saboda an yi alkawarin biya a ranar da aka ƙayyade. Kuɗin takarda kuwa, tun da Amurka ta daina musanya dala da zinariya a 1971 babu wani ƙarfe a bayansa, amma akwai hukuma: da shi ake biyan haraji, da shi kotu take tilasta biyan bashi, kuma akwai babban banki da ke lura da shi. Bitcoin, wanda shi ne na farko kuma mafi girma a cikin kuɗaɗen kirifto, wato kuɗaɗen da ke wanzuwa a intanet kawai, ba ya cikin waɗannan rukunai. Ba ya haifar da riba, babu wanda ya yi alkawarin fansarsa, babu kuma gwamnatin da ta tsaya masa. Abin da ya fi kama da shi shi ne zinariya, wadda ita ma ba ta haihuwa, darajarta tana zuwa ne daga ƙarancinta da kuma yardar mutane, sai dai ita an shafe dubban shekaru ana yarda da ita, shi kuwa a Janairun 2009 ya fara aiki.

Duk da haka, masu cewa babu komai a tattare da shi sun wuce gona da iri. Abin da wanda ya ƙirƙiro shi, mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto, ya samar shi ne kundin lissafi guda ɗaya wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya suke riƙe da kwafinsa, kusan duk minti goma ana ƙara masa shafi, kuma babu wani mutum ko banki da yake da ikon goge abin da aka rubuta ko hana wani aika abin da ya mallaka. An ƙayyade cewa adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma ladan da ake ba masu haƙarsa, wato masu kwamfutocin da ke ƙara wa kundin shafi, ana rage shi da rabi kusan duk shekara huɗu, daga Bitcoin 50 a farko zuwa 3.125 tun Afrilun 2024. Ga mutumin da yake zaune inda kuɗin ƙasarsa ke zubewa, ko inda ake iya rufe masa asusu ba tare da dalili ba, wannan amfani ne na gaske. Amma a lura cewa ƙarancin na Bitcoin ne shi kaɗai. Manhajarsa a buɗe take, kowa zai iya kwafa ya raɗa mata sabon suna, shi ya sa a yau ake da dubban nau'o'in kirifto, kuma ana ci gaba da ƙirƙirar wasu kullum.

Babbar matsalar mai zuba jari ita ce babu ma'aunin da zai nuna masa farashin da ya dace. Idan hannun jarin kamfani ya faɗi, za ka iya duba ribarsa da basukansa ka ce ya yi araha. Idan Bitcoin ya faɗi da rabi, babu littafin da za ka buɗe ka gane ko ya yi araha ko kuwa har yanzu yana da tsada, domin ribarka gaba ɗaya ta rataya ne a kan samun wanda zai saya a hannunka da farashin da ya fi naka. Tarihin farashinsa ya nuna haka ƙarara. A Disamban 2017 ya kusa kaiwa dala 20,000, bayan shekara guda ya sauko kusa da 3,200. A Nuwamban 2021 ya kai kimanin dala 69,000, a Nuwamban 2022 ya faɗo ƙasa da 16,000, sannan a Disamban 2024 ya haura 100,000. Magoya bayansa za su ce maka duk lokacin da ya faɗi ya tashi har ya zarce inda yake a da, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ba su cika ambata ba shi ne a waɗannan faɗuwa biyu ya rasa fiye da kashi 75 cikin 100 na darajarsa, kuma wanda buƙata ta tilasta masa sayarwa a tsakiyar faɗuwar bai ga tashin ba. Wannan ne yake damuna a duk lokacin da na ji ana kwaɗaitar da mai ƙaramin ƙarfi, saboda shi ne wanda rashin lafiya ko wata lalura za ta sa ya sayar a mafi munin lokaci.

An kuma daɗe ana cewa Bitcoin garkuwa ne daga hauhawar farashi. Shekarar 2022 ta gwada wannan magana: hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yuni, babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa, sai Bitcoin ya faɗi tare da hannayen jarin kamfanonin fasaha. Wato a lokacin tsoro, kasuwa tana ɗaukarsa a matsayin kadara mai haɗari da za a fara rabuwa da ita. A matsayin kuɗin saye da sayarwa ma bai yi nasara ba. El Salbado ta mayar da shi halastaccen kuɗin ƙasa a Satumban 2021, amma jama'a ba su rungume shi a harkokin yau da kullum ba, kuma a farkon 2025 ƙasar ta janye tilascin karɓarsa bayan yarjejeniyar bashi da Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Inda ake ganin amfanin yau da kullum shi ne a kuɗaɗen da aka ɗaure farashinsu da dala, irin su USDT da USDC, waɗanda ake aika su tsakanin ƙasashe cikin mintuna. Sai dai waɗannan ba jari ba ne, domin dala ɗaya ka saka, dala ɗaya za ka ɗauka, ribar kuwa tana tafiya ga kamfanin da ya fitar da su, wanda yake sayen takardun lamunin gwamnatin Amurka da kuɗin da aka ba shi. Kuma ɗaurin yana iya tsinkewa. A Mayun 2022 kuɗin TerraUSD, wanda ba shi da ainihin daloli a ajiye sai dabarar lissafi, ya rushe cikin 'yan kwanaki tare da Luna, kuɗin kirifton da ya jingina da shi, dukiya ta kimanin dala biliyan 40 ta salwanta.

Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, yana da hujja ta daban, domin dandali ne da ake gina manhajoji a kansa kuma da kuɗinsa ake biyan ladan amfani da shi, don haka akwai wata alaƙa tsakanin aiki da buƙata. Sauran ƙananan kuɗaɗen kuwa, musamman waɗanda aka gina a kan barkwanci ko sunan wani shahararre, ra'ayina a kansu ba shi da sassauci: mafi yawansu za su mutu, kuma tun farko an tsara da yawansu ne domin waɗanda suka ƙirƙira su sayar wa waɗanda suka zo daga baya. Akwai kuma zamba tsagwaronta, kamar OneCoin, wanda ya karɓi kusan dala biliyan 4 daga jama'a alhali ba shi da kundin lissafi na gaske ko kaɗan. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya a kowane wata, ko ya ce ribarka tana ƙaruwa idan ka kawo mutane, to ka san da mazambaci kake magana.

Game da makoma, ba na ganin Bitcoin zai ɓace nan kusa. A Janairun 2024 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta amince da asusun zuba jari masu riƙe da Bitcoin kai tsaye, har da na babban kamfanin zuba jari BlackRock, Tarayyar Turai ta kafa cikakkiyar doka a kan harkar, Amurka ta yi dokar kuɗaɗen da aka ɗaure da dala a 2025, ko da yake Sin ta haramta hada-hadar da haƙar tun 2021. Shigowar manyan cibiyoyi ta ba shi gindin zama, amma doka tana tsara yadda za a yi ciniki ne, ba ta lamunce wa kowa farashi. Sannan irin ninkin da mutanen farko suka samu ya wuce, domin kadarar da jimillar darajarta ta taɓa haura dala tiriliyan ɗaya ba za ta sake ninkawa sau dubu ba, babu kuɗin da zai isa a yi hakan.

Akwai wani haɗarin da bai shafi farashi ba, wato ajiya. Idan ka bar kuɗinka a kasuwar musaya, amanar kamfanin ka dogara da ita, kuma galibi babu inshora irin ta ajiyar banki. Kasuwar musaya ta Mt. Gox da ke Japan ta durƙushe a 2014 bayan ɓacewar kimanin Bitcoin 850,000, FTX ta rushe a Nuwamban 2022, shugabanta Sam Bankman-Fried ya sami hukuncin ɗaurin shekara 25. Idan kuma ka riƙe mabuɗin sirrinka, wato lambobin da ke ba ka iko da kuɗin, da kanka, to ranar da ka ɓatar da shi ko wani ya yaudare ka ya karɓa, babu ofishin da za ka kai kuka, domin abin da aka aika ba ya dawowa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka taɓa abin da ka tara, ka tambayi kanka me ka tara shi domin yi. Idan kuɗin da za ka buƙata ne cikin shekaru biyu ko uku, ko shi ne kaɗai abin da za ka jingina da shi idan wata lalura ta taso, kada ka saka ko kaɗan. Idan kana da rarar da ta wuce wannan, kuma ka fahimci abin da na bayyana, za ka iya ware kaso kaɗan wanda idan ya ragu da kashi uku cikin huɗu ba zai taɓa rayuwar iyalinka ba, ka tsaya a kan manyan da aka daɗe ana gwadawa, ka saya kaɗan-kaɗan a lokuta daban-daban. Kada ka ci bashi domin ka saya, kuma ka nisanci cinikin da dandali yake ara maka kuɗi domin ka ninka abin da ka saka, saboda a irinsa faɗuwar kashi 10 cikin 100 ta isa ta share jarin wanda ya ninka sau goma.