Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan tsofaffin waƙoƙi da aikin zane

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya na karanta tambayarki, inda kika ce ke da maigidanki duk aikin zane kuke yi a ɗaki ɗaya, shi baya iya zama gaban kwamfuta sai da tsofaffin waƙoƙi ke kuma suna raba miki hankali, har kike tambaya wai da gaske waƙa tana ƙara wa aiki wani abu ko dai sabo ne kawai. Naga wasu sun ce ki sa iyafis ki toshe kunne shikenan, toh ba laifi, amma bari in gaya miki yadda muka yi don wallahi kamar gidanmu kika leƙo kika rubuta.

Ni zanen hannu nake yi, yawanci hotunan littattafan yara da bangon littafi, shi kuma maigidan tsari ne fanninsa, tambari da fosta da jera shafuka da zaɓen haruffa. Farkon zamanmu mun sha ƙananan saɓani akan wannan maganar, ba faɗa ba ne, irin dai wanda za ki miƙe ki rage sifika shi kuma bayan minti biyar ya ƙara ba tare da ya ma san ya ƙara ba, ke kuma abin yana cinki a rai kin yi shiru. Sai da muka daɗe kafin na gane cewa ba waƙar ce matsalata ba, lokacin da ake kunna ta ne.

Kinga aikinmu kala biyu ne duk da sunansa ɗaya. Akwai lokacin da kai ne yake aiki, kina karanta labarin da marubuci ya turo kina neman wane waje ne ya cancanci hoto, ko shi yana neman kalmar da zata hau saman fosta. A wannan lokacin duk waƙar da kike jin harshenta kishiya ce, kalmominta da kalmomin da kike karantawa ƙofa ɗaya suke bi su shiga kai, dole ɗaya ta ture ɗaya. Sannan akwai lokacin da hannu ne yake aiki, kin gama shawara kin san me zaki zana, saura bin layin fensir da tawada, cike launi, yin inuwa, abinda zai ɗauke ki awa uku kina sunkuye. Nan ne waƙa take da rana, kuma tsohuwa tafi sabuwa nesa ba kusa ba, saboda sabuwa baki san inda zata lanƙwasa ba kunnenki yana ta jiran abinda zai biyo, tsohuwa kuwa kin haddace ta tun kina yarinya, tafiya kawai kuke yi tare bata tambayarki komai.

Toh sai muka yi yarjejeniya, in ɗayanmu yana karatu ko rubutu ba a kunna mai magana, sai dai kiɗa zalla ko wadda bama bin kalmominta sosai. Anan Ummu Kulsum ta Masar ta shigo mana, wadda ta rasu a 1975, waƙarta ɗaya takan doshi awa guda, ba sai an tashi ana canzawa ba. In kuma duk mun shiga aikin hannu sai a saki namu na gida.

Amma abinda nafi so in gaya miki shine ba rakiya kaɗai waƙoƙin nan suke mana ba, sun koya mana aikin kansa. Akwai wani shafi da na taɓa yi, yarinya ce tsaye bakin ƙofa tana jiran dawowar babanta. Na cika shi taf, taga da labule da kyanwa a kwance da takalma a jere da agogon bango, kowanne na zauna na ƙawata shi, kwana biyu ina kai amma in na ja baya na kalla sai inga babu jira a cikin hoton, kaya ne kawai. Maigidan yana bayana ya kunna Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, shi da ya rasu a 2015, sai ya juyo yace ki saurara fa, kuntigin nan tsirkiya ɗaya ce tal, daga ita sai murya, amma kin ji akwai abinda ya rage? Na yi shiru na saurara har ta ƙare. Daga nan na ɗauki sabuwar takarda na zana yarinyar da ƙofar da inuwarta da ta miƙe a ƙasa, sauran shafin na barshi fari fat. Hannunta ɗaya riƙe da gefen ƙofar, yatsun ƙafarta sun ɗan leƙa waje. Marubuciyar da ta gani sai da ta kira ni a waya. Har yau in naga ina cusa kaya a hoto don tsoron kar ace ban yi aiki ba, kuntigin nan nake tunawa.

Shi kuma nasa Shata ne, Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999. Maigidan yace a wajen Shata ya fahimci jera shafi fiye da yadda aka koya masa. In kin lura 'yan amshi layi ɗaya suke ta maimaitawa, kalangu yana riƙe da tafiyar, shi kuma Shata yana yawo a sama yana kawo sabuwar magana duk zagaye, kuma baka gajiya saboda akwai abinda yake tsaye akwai abinda yake motsi. Littafin yara mai hoto yawanci shafi 32 ne, toh gefen shafi da lambar shafi da nau'in haruffa da girmansu sune 'yan amshi, basa canzawa daga farko har ƙarshe, hotona shine mai waƙar da aka bar wa fili. Duk randa yaga wani ya sa haruffa kala biyar a fosta ɗaya cewa yake kowa ya zama mai waƙa babu mai amshi. Ni kuma in ina cike launi Barmani Choge nake so, kiɗan ƙwaryar nan yana sa hannu sauri, in ya fita ita nake sakawa.

Wani abin da ya ƙara haɗa mu shine bangon faifai, shi yake tara su ko da faifan ciki ya karce baya ƙara kunnuwa. Da can faifan garmaho a cikin takarda mara komai ake saida shi, sai wajen 1940 wani mai tsari a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, ya fara yi musu bango mai zane, sannan a 1948 kamfanin ya fito da babban faifan nan mai inci 12, kinga an samu fili kenan kusan santimita 31 kowane gefe, mai zane ya sake. In kina son ganin yadda zane yake ɗaukar maganar waƙa ki nemi aikin Lemi Ghariokwu wanda ya yi wa Fela Kuti bango 26, shi cika hoto yake da mutane da rubutu har ba masaka tsinke, kishiyar abinda na gaya miki akan kuntigi kenan, kuma daidai ne a wajensa don kiɗan ma haka yake a cike. Yanzu kuwa ana ce miki ki turo bangon waƙa mai ɗigon hoto (pixel) 3000 a tsaye 3000 a kwance amma mai saurare a waya zai ganshi bai wuce farcen babban yatsa ba, shi yasa duk bangon da muka yi sai mun ƙanƙantar da shi mun gani ko har yanzu ana gane shi.

Sai dai akwai inda muka ci wuya kuma ina so ki kiyaye. Mun taɓa yin duban ƙarshe na wani bango waƙa tana tashi muna bi da baki, muka tura maɗaba'a. Ashe nau'in haruffan da aka zaɓa bashi da ƙ mai lanƙwasa, kwamfuta ta aro ta daga wani nau'in daban, ta fito siririya a tsakiyar sunan littafin kamar baƙuwa, mu biyu muka kalla babu wanda ya gani sai da aka buga. Sai da muka biya aka sake bugawa, kunyar mai littafin ma tafi kuɗin ciwo. Tun daga ranar duban ƙarshe shiru ake yi a ɗakin, a duba ɓ da ɗ da ƙ ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar launi yana tsarin CMYK na maɗaba'a ba RGB na allon kwamfuta ba, hoto yana 300 dpi wato ɗigo 300 a kowane inci, an bar milimita 3 na yanka a gefe, sannan a tura, sannan a kunna.

Har yanzu muna da rikoda mai kaset kuma ba don ado ba. Kaset ɗin C60 minti 30 ne kowane gefe, in ya ƙare yayi ƙas ɗin nan dole wani ya tashi ya juya, toh a nan muke miƙe baya mu ɗauke ido daga allo, kuma a nan ne yawanci nake leƙa nasa ya leƙa nawa. Waya bata ƙarewa, sai ki wuni a sunkuye wuya ya riƙe.

In kina ɗora bidiyon yadda kike zane a Instagram ko YouTube ki kula, tsufan waƙa baya nufin bata da mai ita, a ƙasashe da yawa haƙƙin yana nan shekara 50 zuwa 70 bayan rasuwar mai ita, mu an taɓa kashe mana sautin bidiyo akan haka.

Shawarata ki samu maigidan a lokacin da ba aiki kuke ba, ki ce masa ba waƙar kike ƙi ba, ki nuna masa wane lokaci ne take shiga miki aiki, sannan ki ce ya zaɓo guda ɗaya da yafi so ku zauna ku ji ta tare hannu ba fensir, ki tambaye shi a ina ya fara jinta. Ni da na tambaya sai naji ashe rediyon mahaifinsa yake tunawa, daga ranar ban ƙara rage sifikar ba tare da na yi magana ba. Ke ma ki kawo naki biyu ko uku a sa a layi. Allah ya sa albarka a aikin hannunku, in kin gwada ki turo mana shafi ɗaya mu gani.