Amsar tambayar Kawu kan kulob ɗin da yaranmu ke zuwa

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso. Ka ce an nuna maka hoton jikarka riƙe da raket, wato abin dukan ƙwallon tanis, aka ce a kulob aka ɗauka, shi ne kake tambayar abin da ya kai 'yar gidan malamai kulob. Kana da gaskiyar tambaya. Ni ma lokacin da nake Kano, in aka ce kulob abu biyu nake ganewa: ko gidan giya, ko wurin hutawar manyan ma'aikata da attajirai irin Kano Club, wanda muke wucewa ta gefen katangarsa ba mu taɓa kawo wa ranmu shiga ba.

Namu na nan Birmingham ta Ingila kulob ne na wasan tanis da sikwash, ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani mai kuɗi ba ne. Na 'yan unguwa ne, su suka kafa shi, su ke riƙe da shi har yau. A garin nan ma aka fara gwada tanis irin wanda ake bugawa yanzu. Wani lauya, Harry Gem, da abokinsa Augurio Perera, ɗan kasuwa ɗan asalin Sifaniya, su ne suka riƙa buga shi a kan ciyawar gidan Perera da ke unguwar Edgbaston tun wajen 1860. A 1874 wani tsohon soja, Walter Wingfield, ya fara sayar da kayan wasan cikin akwati, raga da raket da ƙwallo, sannan a 1877 aka yi gasar Wimbledon ta farko. Daga nan abin ya bazu. Maƙwabta sai su haɗa kuɗi, su karɓi hayar wani fegi, su shuka ciyawa, su kafa ɗan ɗakin katako na ajiye kaya da dafa shayi. Haka namu ya fara, kuma hotunan mutanen farko suna nan rataye a bango, maza da dogon wando fari, mata da siket har idon sawu.

Sai dai filin ciyawa ba ya buguwa sai lokacin zafi, kuma zafin Ingila gajere ne. Da sanyi ya shigo sai a rufe ƙofa, kuɗi ya daina shigowa. Wani dattijo Bature da ya tsufa a wurin ya ce mini sikwash ne ya cece su. Shi sikwash a cikin ɗaki ake yin sa, mutum biyu suna dukan wata 'yar ƙwallon roba a jikin bango, ɗakin kuwa tsawonsa bai cika mita 10 ba. Ƙwallon ma ba ta tashi sai an ɗan doke ta ta yi ɗumi. 'Yan makarantar Harrow da ke kusa da Landan ne suka ƙirƙiro shi, amma bai shiga unguwanni sosai ba sai shekarun 1970, bayan ɗan wasa Jonah Barrington ya ci babbar gasar sikwash ta British Open sau shida tsakanin 1967 da 1973. Dattijon ya ce a lokacin 'yan kulob ne suka ranta wa kulob ɗin kuɗi daga aljihunsu aka gina ɗakunan, aka biya su a hankali.

Ga wani abu da na san zai yi maka daɗi. Wasan nan Musulmi ne suka daɗe suna riƙe da kambunsa. Hashim Khan, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a kulob ɗin hafsoshin Ingila a Peshawar da ke Pakistan ta yanzu, ya zo har ƙasarsu ya ci British Open sau bakwai a shekarun 1950. Jahangir Khan, shi ma ɗan Pakistan, ya yi wasa 555 a jere ba a doke shi ba, daga 1981 zuwa 1986. Yanzu kuma 'yan Masar ne a gaba, mazansu da matansu.

Mu Hausawa sanyi ne ya kai mu. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi. Babu dandali, babu ƙofar gida, babu yaran maƙwabta da za a yi langa da su. Yaro ya dawo makaranta ya shige ɗaki da waya sai gobe, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da komai a ƙasar nan. Wani likita ɗan Zariya ne ya fara kai 'ya'yansa, ya ja mu ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai mashaya a cikin ginin. Ba ma zama a wajen, yaranmu ma sun san iyakarsu. Muna zuwa tare da su, mu dawo tare. Jikarka da hijabinta da dogon wando take wasa, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. In lokacin salla ya yi akwai ɗan ɗakin da kwamiti ya yarje mana mu shimfiɗa darduma, kuma mun same shi ne saboda mun halarci taron shekara mun ɗaga hannu mun nema. Da azumi wasu samarinmu sai bayan asham suke zuwa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda ake riƙe wurin. Kowa na biyan kuɗin shekara, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a zaɓi shugabanni, kuma ba mai karɓar albashi a cikinsu. Ranar gyara za ka ga likita da direban bas suna share ganye, wani na fentin bango. Ranar da na fara gani sai na tuna yadda kuke tara mu yashe kwata a unguwa kafin damina, da yadda aka yi ginin masallacinmu da kuɗin karo-karo. Shi ya sa ban ji baƙunta ba da aka miƙo mini tsintsiya, bara kuma na yarda aka sa ni cikin kwamiti.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu zo gida. Yarinyar ta ji labarin gasar tanis ta Dala Hard Court da ake yi a Kano, ta ce lallai da raket ɗinta za ta taho, kuma kai take so ka raka ta filin. A gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.