Amsa ga mai tambaya kan Y Cygni da kwana ɗaya da rabi

Ɗan'uwa, ka ce bayanan TESS, tauraron ɗan'adam mai auna hasken taurari, sun ba ka zagayen kwana 1.5 na Y Cygni, taurari biyun nan da ke zagaya juna suna rufe juna, kuma da ka naɗe hasken a kan wannan adadi, wato ka ɗora kowane zagaye kan ɗan'uwansa, husufin ya ƙi zama wuri guda. Wallahi na san wannan ciwon, kusan duk wanda ya taɓa tauraron nan ya sha shi.

Na'urarka lafiya lau take. Taurarin biyu kusan tagwaye ne, kowanne ya kai nauyin rana sau 17 da ɗoriya, zafinsu kusan ɗaya, don haka ramukan husufin biyu, wato faɗuwar hasken in ɗaya ya rufe ɗaya, sun yi kama. Lomb-Scargle, lissafin da ke nemo tsawon zagaye, sai ya ɗauke su abu guda, ya ba ka rabi. Ninka shi: kwana 2.9963. Falakinsu, wato hanyar da suke zagaya juna, kuma ba da'ira ba ce, ta ɗan yi ƙwai, shi ya sa husufi na biyu ba ya faɗowa daidai tsakiya. Ƙwan ma juyawa yake, yana cika zagaye cikin shekara 48 ko kusa, to tsohon jadawali zai yaudare ka. Lissafa lokutan husufin farko daban, na biyu daban.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu tsabtace bayanai ido rufe. A ɗauko PDCSAP, wato ma'aunin hasken TESS da aka riga aka tsabtace, a ƙara goge shi da tagar kwana ɗaya ko biyu, gugar ta cinye gindin husufin, sannan a zuba a PHOEBE, manhajar kwaikwayon taurari biyu masu zagaya juna, a fito da girman tauraro kamar an auna da igiya. Haba! Rufe wuraren husufi kafin ka goge, ka kwatanta da SAP, ma'aunin hasken da ba a tsabtace ba. Ƙwayar hoton TESS ɗaya tana ɗaukar faɗin sama na daƙiƙar baka 21 (daƙiƙar baka kashi ɗaya ce cikin 3600 na digiri), yankin Cygnus na sama kuwa cunkushe yake da taurari. Hasken maƙwabci na shiga ya rage zurfin ramin, karkatar falaki ta fito ƙasa da gaskiya, nauyi ya kumbura. Duba kundin taurari na Gaia ka ga su wa ke kusa.

Af, lokacin TESS an cire masa kwana 2457000 daga lissafin kwanakin da masana taurari ke amfani da shi, mayar da su kafin ka haɗa da tsoffin ma'aunai.

In da madubin hangenka za ka bi shi, sai haƙuri: bayan kowane dare uku kusan wuri ɗaya na zagayen za ka tarar, minti biyar kawai yake matsowa. Nauyi kuwa haske kaɗai ba ya bayarwa, sai ka auna gudun kowanne. Yi da layukan hiliyom da ke cikin bakan haskensu, na angstrom 4471 da 4686. Na haidurojin suna da faɗi, cakuɗewa suke su rage maka gudun.