Ɗaura wa mota garmar ture dusar ƙanƙara a Ontario: me doka da inshora suka tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, ina da a-kori-kura ƙirar Ford F-250 da nake zuwa aiki da ita. Ina so in sayi garmar nan da ake ɗaurawa a gaban mota domin ture dusar ƙanƙara, in riƙa share ƙofar gidana, sannan wasu maƙwabta biyar da wani mai shago sun ce za su riƙa biyana in share musu nasu. Abokina ya ce inshorar motata ta wadatar tunda aikin ɗan kaɗan ne. Haka ne? Kuma akwai abin da doka ta hana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarar abokinka ba daidai ba ce, kuma kuskuren da ke cikinta na iya cinye abin da mutum ya shekara goma yana tarawa. A wajen kamfanin inshora babu ruwansa da yawan gidajen da kake sharewa, abin da yake dubawa shi ne ko ana biyanka. Ranar da ka karɓi dala ɗaya a kan wannan aiki, motarka ta tashi daga motar hawa ta koma motar sana'a, inshorar da ka saya a kan cewa gida da wurin aiki kawai kake zuwa kuwa ba a yi lissafinta da wannan hatsarin ba.

Da yawanmu mun taso ne da ɗaukar inshora a matsayin takardar da ake miƙa wa ɗan sanda a shingen hanya, a karɓe ta a mayar aljihun mota. A lardin Ontario, inda Ottawa yake, yarjejeniya ce da ake bin ta layi-layi ranar da aka yi ɓarna, kuma cikin sharuɗɗan da doka ta sanya a kowace inshorar mota akwai wajabcin mai mota ya sanar da kamfani ba da ɓata lokaci ba idan wani muhimmin abu ya sauya game da motar ko yadda ake amfani da ita. Ɗaura ƙarfe mai nauyin kilo 300 zuwa sama da 400 a gaban mota sauyi ne, fara karɓar kuɗi da ita kuma sauyi ne na biyu da ya fi na farko girma. Idan ka yi shiru har ka buge wani, doka na iya tilasta wa kamfanin ya biya wanda aka raunata har zuwa dala 200,000, wato mafi ƙarancin abin da lardin ya wajabta, amma bayan haka kamfanin na da damar juyowa kanka ya nemi kuɗinsa, abin da ya haura wannan adadi ya zama naka, gyaran motarka ma naka. Ko da ƙofar gidanka kaɗai za ka riƙa sharewa, ka rubuta wa dillalin inshorarka ka sanar da shi kafin a ɗaura garmar, ka kuma nemi amsarsa a rubuce. Wasu kamfanonin sukan amince da amfanin gida su ƙara ɗan kuɗi, wasu kuma ba sa karɓar motar da ke da garma ko kaɗan.

Idan sana'a za ka yi, inshora iri biyu kake buƙata, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Ta farko ita ce inshorar motar kasuwanci, wadda ke ɗaukar ɓarnar da motar ta yi tana cikin aiki: ka yi ribas ka daki motar da ke ajiye, ko bakin garma ya kama ƙofar gareji, ko ka ture mai tafiya a ƙasa da asuba. Ta biyu ita ce inshorar alhakin kasuwanci, wadda ke ɗaukar abin da ya faru saboda aikin da ka yi bayan ka gama ka tafi. Ka ɗauka ka share gaban shagon nan da ƙarfe biyar na asuba, rana ta ɗan fito ta narkar da tulin da ka tara a gefe, ruwan ya gangaro bakin ƙofa, da yamma sanyi ya dawo ya daskarar da shi ya zama santsi, wata dattijuwa ta zo sayayya ta zame ta karye a ƙugu. A lokacin motarka tana gida a kashe, saboda haka inshorar mota za ta ce ba hurumina ba ne, lauyan dattijuwar kuwa zai haɗa mai shago da wanda ya share wurin a cikin ƙara ɗaya. A ganina wannan ne babban hatsarin sana'ar, ya fi karo da motoci nesa ba kusa ba, kuma irin waɗannan ƙararraki ne suka sa kuɗin inshorar masu share dusar ƙanƙara ya yi tashin gwauron zabi a lardin, har wasu ƙananan 'yan kwangila suka haƙura da aikin. Masu shaguna da manyan gine-gine sukan nemi shaidar inshorar dala miliyan 2, wasu har miliyan 5. Ka kuma karanta takardar da kyau, domin akwai inshorar alhakin kasuwanci da ake sayar wa masu yankan ciyawa da gyaran gida wadda aka rubuta ƙarara cewa ban da aikin dusar ƙanƙara. Ita kanta garmar, idan an sace ta tana ajiye ko ta lalace, sai ka tambaya ko an shigar da ita cikin inshorar motar ko sai an yi mata ta kayan aiki daban.

Majalisar lardin ta ɗan sassauta wa masu wannan sana'a. Tun daga 29 ga Janairun 2021, wanda ya ji rauni saboda dusar ƙanƙara ko santsi a wurin da ba na hukuma ba, dole ne ya ba mai wurin ko ɗan kwangilar da ke sharewa sanarwa a rubuce cikin kwana 60, da rana da lokaci da wurin da abin ya faru. Amma kada wannan ya ruɗe ka: idan raunin ya kai ga mutuwa sharaɗin ba ya aiki, alƙali na iya karɓar uzurin wanda ya makara, kuma wa'adin shigar da ƙara na shekara biyu yana nan. Ke nan ana iya tambayarka a kan aikin wani dare bayan hunturu biyu sun wuce. Abin da ke ceton mutum a irin wannan rana shi ne littafin aiki: ƙarfe nawa ka isa, ƙarfe nawa ka tashi, yaya yanayi yake, gishiri nawa ka watsa, da hoton wurin a waya kafin ka bar shi. Haka kuma kada ka yi aiki da yarjejeniyar baka kawai, ko da maƙwabcin da kuke sallah sahu ɗaya ne, domin mai ƙara zai iya zama baƙonsa ko ɗan aiken da ya kawo masa kaya. A rubuta tudun dusar da za ta sa ka fito, santimita 5 aka fi amfani da shi, a rubuta wa ke da alhakin watsa gishiri, a rubuta inda za a tara abin da aka ture. Idan mai shagon ya kawo maka takarda mai cewa ka ɗauke masa duk wani alhaki, kada ka sa hannu sai dillalinka ya gani, saboda kana iya ɗaukar nauyin da inshorarka ba ta san da shi ba. Ƙungiyar Landscape Ontario na da samfurin yarjejeniya da aka tsara don wannan aiki.

Sai batun motar kanta. Ka buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda a manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a kanta an rubuta iyakar nauyin da motar gaba ɗaya za ta ɗauka da iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka. Garma da ƙarfen da ke riƙe ta duk a kan ƙafafun gaba suke sauka, kuma idan suka zarce wannan iyaka birki da sitiyari ba za su yi aiki yadda aka ƙera su ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Western da Fisher da Boss ke da jadawalin wace garma ta dace da wace mota, suna kuma fayyace nauyin da za a ɗora a bayan motar don ya daidaita gaban. Ka bincika ko taka motar ta zo da shirin ɗaukar garma daga masana'anta, domin rashinsa na iya taɓa garanti idan giyabos ko ƙafa ta lalace. Iyakar nauyin motar gaba ɗaya da ke kan takardar nan tana da wani muhimmanci: a Ontario kilo 4,500 shi ne iyaka, kuma F-250 da yawa an rubuta musu fam 10,000, wato kilo 4,536, sun haura da ɗan kaɗan. Motar sana'a da ta wuce wannan iyaka sai an kai ta binciken lafiya na shekara-shekara, idan kuma nauyinta a kan sikeli ko wanda aka yi mata rajista da shi ya wuce, sai mai ita ya mallaki takardar CVOR, wato rajistar masu amfani da motocin sana'a, daga ma'aikatar sufuri. Akwai sassaucin da aka yi wa a-kori-kura daga waɗannan sharuɗɗa, amma na masu amfanin kansu ne, ba ya bin wanda ake biya.

A kan titi kuwa ƙa'idojin ba su da wuyar ganewa. Faɗin mota da abin da ke jikinta kada ya wuce mita 2.6, saboda haka garma mai faɗin ƙafa takwas da rabi tana bakin iyaka, wadda ta fi haka sai an karkatar da ita ko an naɗe fikafikanta. Garma na tare fitilun gaba, dole a sa nata fitilun a sama a daidaita su, kuma lambar mota ta gaba ta kasance ana ganinta. Shuɗiyar fitila mai walƙiya ta motocin da ke share titunan hukuma ce, kai mai ruwan ɗorawa za ka sa. Masu ƙera garma sukan ce kada a wuce kimanin kilomita 70 a awa ana ɗauke da ita, saboda tana tare wa lagireto iska, injin ya yi zafi. Sashe na 181 na dokar zirga-zirgar lardin ya haramta zuba dusar ƙanƙara a kan titi ba da rubutaccen izinin hukuma ba, kuma tura ta ka tsallaka titi zuwa ɗaya gefen, abin da mutane ke yi da dare suna ganin ba komai, yakan bar layin da ke daskarewa ya jawo tara.

Tunda a Ottawa kake, akwai ƙari: hukumar birnin na buƙatar masu share dusar ƙanƙara don kuɗi su karɓi lasisi, ana kuma neman shaidar inshora kafin a bayar, har sandunan alama da ake kafawa a bakin ƙofofin gidaje suna da nasu ƙa'idojin. Idan za ka ɗauki yaro mai taya ka da shebur, sai ka tuntuɓi WSIB, hukumar inshorar ma'aikata ta lardin, kan batun diyyar ma'aikaci.

Shawarata ita ce kada ka sayi garmar tukuna. Ka nemi dillalin da ya saba da 'yan kwangilar hunturu, ka ba shi lambar jikin motarka da jerin wuraren da za ka share, ka ce ya fitar maka da farashi biyu, ɗaya na gidaje biyar kaɗai, ɗaya haɗe da shagon, domin wurin da jama'a ke shiga da fita shi ke ɗaga kuɗin inshora. Ka haɗa wannan da kuɗin garma da ɗaurawa da lasisi da mai da gishiri, ka auna da abin da mutum shidan za su biya ka daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ga mai gidaje biyar lissafin sau da yawa ba ya fita. Idan haka ta kasance, ko dai ka ƙara yawan gidajen ka ajiye shagon, ko ka shiga ƙarƙashin babban ɗan kwangila na hunturu ɗaya ka koyi aikin, da sharaɗin ya nuna maka a rubuce ko inshorarsa ta haɗa da kai da motarka.