Tambaya da Amsa: Masu fasa ƙwan fim sun hana mu jin daɗin kallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin wani shiri mai dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako da dare, amma sai washegari nake samun kallo saboda wuta da data. Kafin nan masu sharhi sun riga sun faɗi wanda ya mutu da wadda aka saki. Ina mafita?
Daga wata mai karatu a Gusau

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. A YouTube mai tasha ne kaɗai ke iya tace sharhi, ba mai kallo ba. Don haka da kin buɗe bidiyon, ki kwantar da wayar hoto ya cika fuskarta, tun idonki bai faɗa kan sharhin da ke leƙowa a ƙasa ba. Su kuwa ƙananan tashoshin nan masu yanko ƙarshen shiri su manna a hoton gaba, ki danna ɗigo ukun da ke gefe ki zaɓi Don't recommend channel, wato a daina kawo miki tashar.

A X (tsohuwar Twitter) akwai Muted words, wato wurin toshe kalmomi, a cikin saitin sirri. Ki rubuta sunan shirin da na manyan jarumansa, sannan ki zaɓi tsawon lokaci: awa 24, kwana 7, kwana 30 ko sai baba ta gani. TikTok ma yana da wurin tace kalmomi. A Facebook kuwa Snooze kan ɓoye mutum ko shafi na kwana 30.

Sai dai matatar ta X haruffa take dubawa, ba ma'ana ba, mu kuma kowa da yadda yake rubuta Hausarsa. Kin toshe Hadiza, wani zai rubuta Khadija, wani Kadija, wata ta ce Dije. Suna mai ƙ ko ɗ, ki shigar da shi sau biyu, da lanƙwasa da kuma babu, domin yawancin masu sharhi k da d suke bugawa. Kada kuma zafin rai ya sa ki toshe "mutu" ko "rasu": sanarwar rasuwa ta gaske ma ɓacewa za ta yi, ki rasa zuwa gaisuwa saboda fim. Rubutun da ke jikin hoto da abin da aka faɗa da baki, waɗannan matatar ba ta kama su.

Tambaya: Ni ke kula da wani zauren masu kallo, kullum rigima tsakanin waɗanda suka kalla da waɗanda ba su kalla ba. Yaya zan yi?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

Amsa: Malam, ka kafa doka mai lokaci, a ce awa 48 bayan fitar shiri, ka maƙala ta a saman zauren. Hana magana gaba ɗaya kashe zauren zai yi, tunda hirar ce ta tara su.

In a Telegram kuke, abin da sauƙi. Tun ƙarshen 2021 ana iya zaɓar rubutu a danna Spoiler, sai ya lulluɓe har mai so ya taɓa shi, daga baya ma aka ƙara hoto da bidiyo. In a WhatsApp ne, ka kulle zauren daren da shiri ya fita, shugabanni kaɗai su iya rubutu, ka buɗe in lokacin ya cika. Kana kuma da ikon goge saƙon wanda ya karya doka ga kowa da kowa.

Wanda zai yi gargaɗi, ya sa shi a layin farko, ba tare da sunan jarumi ba. Farkon saƙo ne ke fitowa a sanarwar waya, kuma "Allah ya ji ƙan wane, kada wanda bai kalla ba ya karanta" ya riga ya fasa ƙwan.