Ga mai tambayar yadda za ta koyi sayar da jakunkunanta

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce wata biyar ke nan da kika fara ɗinka jakunkuna, kullum kina ɗora hotuna, ana yabawa, ana tambayar nawa ne, daga nan sai ki ji shiru. Kina neman shawara ko ki biya kuɗin kwas na koyon talla, ko kuwa ki haƙura da sana'ar. Ni shekarata bakwai ina haɗa sabulun ruwa da man shafawa ina sayarwa, kuma irin wannan shirun ya taɓa hana ni barci. Kada ki bar sana'arki, kuɗin kwas ɗin kuma ki riƙe shi tukuna.

Abin da za ki fara yi a makon nan shi ne ki nemo mutum goma daga cikin waɗanda suka taɓa saye a hannunki, ki kira su da baki, kada ki tura saƙo. Ki tambaye su abu uku: me ya sa suka zaɓi taki, me suke sakawa a cikinta, me ya dame su da ita. Sai ki yi shiru ki saurara, ko da sun faɗi abin da bai yi miki daɗi ba.

Na yi wajen shekara ina tallar ƙamshin sabuluna, don a ganina shi ne abin alfaharina. Ranar da na kira wata baiwar Allah da ke saye duk wata, sai ta ce ita ko a jikinta da ƙamshi. Abin da ya riƙe ta shi ne hannunta ya daina tsagewa bayan wanke-wanke. Ta biyu ma haka ta ce, ta huɗu kuma ta ƙara da cewa murfin robata ba ya yoyo. Daren nan na goge duk abin da nake rubutawa a ƙarƙashin hotuna, na mayar da maganarsu yadda suka faɗe ta. Sabulun bai canza ba, amma masu tambaya suka fara zama masu saye. Ke ma idan kin rubuta "jaka mai kyau, sabon yayi", to, abin da kowa ke rubutawa ke nan. Ki faɗa mana cewa hannunta ɗinki biyu ne, zif ɗinta ba ya cijewa, tana ɗaukar kwamfuta mai inci 14 da littattafai uku. Mai saye yana son ya ga matsalarsa a cikin maganarki.

Sai batun masu tambayar kuɗi su ɓace, wanda nake ganin nan ne cinikinki ke zubewa. Da, idan aka ce mini "nawa?" sai in faɗi kuɗin kawai, in zauna jiran tsammani. Ashe ni ce nake rufe ƙofar hira. Yanzu nakan faɗi kuɗin ba ɓoye-ɓoye, in bi shi da tambaya: na gida ake so ko na wurin aiki, babba ko ƙarami? Da zarar mutum ya amsa, an shiga ciniki. Idan ya yi shiru, bayan kwana biyu nakan sake tuntuɓarsa sau ɗaya cikin ladabi. Wallahi da yawansu mantawa suka yi, ko kuɗi bai shigo ba a ranar. Wanda ya ce ya fasa kuma nakan gode masa, in roƙe shi ya gaya mini dalili. Duk wannan ina rubutawa a wani ƙaramin littafi: suna, abin da ya tambaya, ranar, ya saya ko bai saya ba, da dalili. Littafin nan ya koya mini abin da ban samu a wurin kowa ba.

A kusan kowane kwas za ki ji an ambaci ginshiƙai huɗu da wani malamin jami'a ɗan Amurka, Jerome McCarthy, ya tsara a 1960: kayan, farashinsu, inda ake samunsu, da yadda ake sanar da su. Mu masu ƙananan sana'o'i mukan manne wa na huɗun mu manta sauran, alhali sau da yawa ciwon yana wurin farashi. Ki lissafa komai: yadi, zif, zare, leda, kuɗin mota, data, da ladan zamanki a kan keke. Kuma ki yi hattara da ragi. A ce cikin kowane 100 da kika karɓa, 70 kuɗin kaya ne, 30 riba. Idan kika rage kashi 10, ribarki ta koma 20, wato kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma sai kin sayar da jaka uku kafin ki sami abin da biyu ke ba ki a da. Ni idan aka matsa mini da neman ragi, na fi son in ƙara ɗan abu mai araha a kai, ko in nuna ƙarami mai sauƙin kuɗi.

Waya kuwa, idan ba ki koma WhatsApp Business ba, ki koma yau. Kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi don irinmu. Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, akwai amsoshin da za ki adana don kada ki riƙa maimaita rubutu, akwai alamun da za ki raba mutane da su, kamar wanda ya biya da wanda ke jiran kaya. Ki sani saƙon da ake aika wa mutane da yawa lokaci guda ba ya wuce mutum 256 a jeri ɗaya, kuma sai wanda ya adana lambarki ne zai same shi, don haka ki riƙa roƙon kowa ya adana. Abin da kika ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Hoto uku masu haske sun fi ashirin da za a tsallake. Ki ɗauka kusa da taga da safe, ki buɗe jakar a ga cikinta, ki rataya wa wani a ga girmanta.

Tallar biya ta taɓa cinye mini ribar wata guda. Na zuba kuɗi ban zaɓi yankin da zan iya kai kaya ba, sai yabo ya yi ta zuwa daga wuraren da ko kusa ba zan iya aikawa ba, mai saye ko ɗaya babu. Ki bari sai kin san maganar da ke jawo ciniki, sannan ki gwada da kaɗan, ki ƙirga waɗanda suka biya.

Wani abu da ya bambanta sana'arki da tawa: sabulu ƙarewa yake a dawo, jaka mai ƙarko kuwa tana iya shekara biyu. Saboda haka tsofaffin masu sayenki su ne 'yan tallarki. Bayan mako guda da kai kaya ki tambaya ya aka ji da ita. Idan zif ya lalace, ki karɓa ki gyara ba gardama. Na taɓa canza wa wata robar da ta fashe a hanya ban tsaya neman mai laifi ba, ita kaɗai ta kawo mini 'yan wurin aikinta biyar. Idan wani ya yaba, ki nemi izininsa kafin ki nuna wa jama'a, ki rufe sunansa da lambarsa.

Game da kwas, ba na hana ki neman ilimi. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, na da darussa kyauta da ake kira Blueprint, ki fara da su idan Turanci ba ya ba ki wahala. Bayan wata uku da littafinki a hannu, ke da kanki za ki gane inda kike da rauni, ko ɗaukar hoto ne, ko lissafi, ko iya magana da mai saye, sai ki biya a kan wannan kaɗai. Duk wanda ya yi miki alkawarin za ki riƙa samun kaza a wata kafin ya ga kayanki, ki riƙe kuɗinki.

Ki kira mutum goman nan, ki dawo ki faɗa mana abin da suka ce. In sha Allahu zan taya ki mu tsara rubutun da za ki saka a ƙarƙashin hotunan.