Amsa: ƙarar da ke fitowa daga ƙasan injin

Malam, ka ce ƙaramar motarka mai turbo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin injin) ta fara wata ƙara kamar ana buga guduma, kuma fitilar baƙin mai tana ƙiftawa idan ka sha kwana. Don Allah ka ajiye ta, kada ka sake tayar da ita sai makanike ya duba.

Irin waɗannan injina ƙanana ne amma ana matsa musu, zafinsu ya fi na sauran. Turbo kaɗai yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma baƙin mai na cikin abin da ke sanyaya shi. Idan man ya ragu, a kwana mai kaifi sai ya taru gefe guda, famfo ya zuƙi iska, beyarin (abin da ke tallafe ƙarafan da ke juyawa a cikin injin) ya ci ƙarfe. Ƙarar da ke ƙaruwa idan ka taka totur, daga nan take. Ni abin da ya fi damuna ke nan.

Ka zare dipstik, wato sandar auna baƙin mai. Ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin mai alama ce ta lalacewar beyarin. Idan man ya yi kamar madara, galibi gasket (abin da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa) ne ya ƙone, ruwan lagireto ya shiga. Shuɗin hayaƙi a salansa kuma, mai ne ke ƙonewa.